Babi na Huɗu: Tsada da Ƙarko a Akwatin Kafinta

Kayan aikin hannu na kafinta ba su da yawa. Zarto ke yanka katako, filen ke goge fuskarsa ta yi sumul, cizal ke sassaƙe gurbin da wani katakon zai shiga, guduma ke buga ƙusa, sukwaya ke daidaita kusurwa, sai tef ɗin awo da fensir da dutsen wasa kaifi. Da waɗannan kaɗai gwani zai fitar da ƙofa da taga da benci da gadon amarya, ya kuma hau gini ya ɗaura katakon rufi. A Kurmin Mashi, unguwar da ke arewacin kogin Kaduna a bakin babbar hanyar Nnamdi Azikiwe wadda ta kewaye gari ta yamma, akwatin da ke ɗauke da waɗannan kaya shi ne jarin farko na duk yaron da maigidansa ya yaye.

Koke biyu ne ba sa rabuwa da bakin kafintoci game da wannan akwati. Na farko, kaya sun yi tsada har cika shi ya zama aiki. Na biyu, kayan yanzu ba su da ƙarkon na da. Dukansu akwai gaskiya a ciki, amma kowanne da tarihinsa da dalilansa. Tsada tana bin darajar naira da hanyar da kaya ke bi su iso Kaduna. Ƙarko kuwa yana bin irin ƙarfen da aka yi amfani da shi, da yadda aka gasa shi, da kuma hannun da ke riƙe da shi.

Zamanin masassaƙi da maƙeri

Kafin a san kafinta a ƙasar Hausa, aikin itace na masassaƙa ne. Masassaƙi ba ya haɗa katako da katako. Gungumen ice guda yake samu ya rage shi har abin da yake nema ya fito: turmi da taɓarya, akushi, kujerar mata, ƙotar fartanya, allon karatu, jikin ganga da kalangu, har da kwalekwale a garuruwan bakin ruwa. Ya san itacen da ya dace da kowane aiki. Ƙirya mai tauri ta fi dacewa da turmi, aduwa kuma da ita ake yin allo. Manyan kayan aikinsa gatari ne na sara da gizago na sassaƙa, sai 'yan wuƙaƙe na kankara da ƙarfen huda wanda ake sa wa a wuta.

Duk waɗannan a maƙera ake ƙera su, sau da yawa a garin da masassaƙin yake. Maƙera na da suna narka tama da kansu da gawayi, su fitar da ƙarfe, su buge shi a kan uwar maƙera da masaba har ya ɗauki siffar da ake so. Ƙarfe yana da daraja ƙwarai a wancan zamani saboda wahalar samunsa, don haka ba a yar da shi. Gizagon da bakinsa ya cinye sai a mai da shi maƙera a sake buga shi, wanda ya ƙare sarai kuma a haɗa shi da wani a fitar da sabo. Ƙota kuwa masassaƙin ne ke yi wa kansa daidai hannunsa.

Wannan tsari yana da wani alheri da ya ɓace daga baya. Mai ƙera kayan da mai aiki da su sun san juna. Idan gatari ya lanƙwashe ko ya tsage, an san ƙofar da za a je a yi magana, maƙerin ma ya san sunansa ne a kan layi. Ƙarfen tama bai kai na masana'anta daidaito ba, wani ya yi kyau wani ya zo da laushi, amma gyara yana kusa kuma ba ya cin kuɗi mai yawa.

Zuwan kafinta da kayan Ingila

Kalmar kafinta kanta baƙuwa ce, tare da Turawa ta shigo. Layin dogo ya isa Kano a 1911, sannan a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna. Sabon gari ne da ake ginawa daga tushe: barikokin soja, ofisoshi, gidajen ma'aikata, tashar jirgin ƙasa. Irin waɗannan gine-gine suna bukatar ƙofofi masu firam, tagogi, teburori, kabad-kabad da katakon da za a ɗora kwano a kai. Aiki ne na yankakken katako da awo da ƙusa, wanda gizago ba zai iya ba. Hukumar jirgin ƙasa da ma'aikatar ayyuka, wadda aka fi sani da PWD, su suka fara ɗaukar kafintoci, da yawansu daga kudancin ƙasa da sauran ƙasashen bakin teku, kuma a hannunsu 'yan Arewa na farko suka koyi sana'ar. Daga baya aka buɗe makarantun koyon sana'a, har aka kafa cibiyar fasaha ta Kaduna a 1956, wadda ta zama Kaduna Polytechnic a 1968.

Kayan aikin wannan sabuwar sana'a daga waje suke zuwa ta hannun manyan kamfanonin ciniki irin su John Holt da UAC, wanda aka kafa a 1929. Yawancinsu ƙirar Sheffield ne, birnin Ingila da ya yi suna a harkar ƙarfe tun bayan da Benjamin Huntsman ya gano hanyar narka ƙarfe mai tsafta a cikin tukunya wajen shekarun 1740. Daga can ne zartunan Spear & Jackson da cizal ɗin Marples suke fitowa. Filen na ƙarfe irin wanda ya yaɗu kuwa asalinsa Amurka ne. Kamfanin Stanley ya sayi fasahar Leonard Bailey a 1869, ya yi ta ƙera filen mai jikin ƙarfe wanda ake daidaita bakinsa da ɗan juyi, har siffar ta zama abin koyi a duniya. A 1931 kamfanin C. & J. Hampton na Sheffield ya fara fitar da irinsa da sunan Record, Stanley ma ya buɗe reshe a Sheffield a 1937. Waɗannan sunaye biyu su ne tsofaffin kafintocin Kaduna ke nufi idan suka ce “ɗan Ingila”. Filen mai lamba 4 shi ne gajere na gyara fuska, mai lamba 5 kuma, mai tsawon inci 14, shi ne na fara cin katako.

Kayan ba su da araha ko a lokacin. Yaron shago ba ya sayen su rana ɗaya. Yakan fara da guduma, bayan wani lokaci ya ƙara zarto, filen kuwa yakan zo a ƙarshe, wani lokaci ma kyautar maigida ce ranar yaye. Sai dai abin da aka saya sau ɗaya ake sayensa. Zarton da aka kula da shi yakan yi shekaru ana wasa shi har faɗinsa ya ragu, filen kuma yakan wuce daga uba zuwa ɗa.

Abin da ke sa ƙarfe ya yi ƙarko

Ƙarkon cizal ko bakin filen ya dogara ga abubuwa uku. Na farko shi ne sinadarin kabon da ke cikin ƙarfen. Ƙarfen da ake yin rodin gini da kwano da shi kabon ɗinsa kaɗan ne, shi ya sa ko an wasa shi ba ya riƙe kaifi. Ƙarfen yanka mai kyau yana da kabon kusan kashi 1 cikin 100.

Na biyu shi ne gashi. Ana zafafa ƙarfen har ya yi ja, wajen digiri 800, a tsoma shi cikin ruwa ko mai nan take. A wannan mataki ya yi tauri ƙwarai amma yana iya fashewa kamar kwalba. Sai a sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200, har fuskarsa ta yi launin busasshiyar ciyawa, don taurin ya sassauta ya iya jure duka. Idan aka gaza a gashin farko, baki zai riƙa lanƙwashewa da zarar ya haɗu da maɗaci ko wani itace mai tauri. Idan aka gaza a na biyu, zai riƙa ɓarewa. Ido ba ya ganin wannan a kanti. Cizal biyu za su yi ƙyalli iri ɗaya, ɗaya ya yi yini yana aiki, ɗayan ya dakushe kafin a gama gurbi uku.

Na uku shi ne daidaiton ƙira. Jikin filen ƙarfen zubi ne, kuma dole ƙasansa ya zama a miƙe sarai, domin shi ne ma'aunin da katako ke ɗauka. Dole wurin da bakin ke kwanciya ya zauna daram, in ba haka ba bakin zai riƙa rawa yana barin zane a jikin katako. Haka sukwaya, idan ta kauce ko da kaɗan, duk ƙofar da aka auna da ita za ta fito a karkace. Gogewa da gwaji da ke tabbatar da wannan daidaito aikin hannu ne mai cin lokaci, kuma shi ne abin da masana'anta ke fara ragewa idan tana son rage farashi.

Akwai abin lura game da kayan da. Waɗanda suka rage a hannun mutane yau su ne zaɓaɓɓu. Ko a wancan zamani ana shigo da kaya marasa kyau, sai dai tuni suka karye ko tsatsa ta cinye su, ba wanda ya adana su balle ya yi alfahari da su. Wanda ya ɗauki filen mai shekara sittin ya gwada shi da sabon da ya fi kowanne araha a kasuwa, ya haɗa gwarzon wancan zamani ne da ragon wannan.

Naira da farashi

Shekarun 1970 su ne lokacin da sana'ar kafinta ta fi samun kasuwa a Kaduna. Masaƙun Kakuri, waɗanda suka fara da Kaduna Textiles a 1957, suna cike da ma'aikata. Ƙarin albashin Udoji na 1974 ya sa kuɗi a hannun jama'a, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, unguwanni suna ta faɗaɗa, kowane sabon gida yana neman rufi da ƙofofi da kujeru. Naira, wadda ta maye gurbin fam a 1973, ta fi dalar Amurka daraja a lokacin. A 1980 dala ɗaya ba ta kai kwabo sittin ba.

Labari ya canza a 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. A 1987 dala ta kai kusan naira 4, a 2000 ta haura naira 100, a 2015 tana dab da naira 200 a farashin gwamnati. Bayan da aka sake sakin naira a watan Yuni na 2023, dala ta wuce naira 1,500 a cikin 2024.

Ana iya ganin nauyin wannan da ɗan lissafi. A ɗauka akwai wani kayan aiki da kuɗinsa dala 20 ne a ƙasar da aka ƙera shi, kuma a ɗauka bai taɓa tashi ba a can. A 1981 kuɗinsa zai kama wajen naira 12, alhali mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 125 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na albashin wata. A 2024 kayan nan zai kama wajen naira 30,000, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000, wato ya kusa cin rabin albashi. Wannan kafin a sa kuɗin kwastan da na mota daga Legas da ribar ɗan kasuwa. Kafinta ba albashi yake ɗauka ba, amma masu albashi ne ke ba shi aiki, kuma abin da suke iya biya shi ne iyakar abin da zai iya kashewa a kan kayan aikinsa.

Da ƙasar tana ƙera nata, da abin ya zo da sauƙi. An ƙulla yarjejeniyar gina masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da Tarayyar Sobiyet a 1979, amma har yau ba ta kai ga narka ƙarfe yadda aka tsara ba. Kamfanonin mulmula ƙarfe da aka kafa a Katsina da Jos da Osogbo domin rodin gini aka yi su. Saboda haka zarto da filen da tef ɗin awo sun ci gaba da zama kayan da ake saye da dala.

Sababbin masu ƙira

A daidai lokacin da naira ke faɗuwa, masana'antun Turai da Amurka ma suna canzawa. Injunan lantarki sun karɓe aikin da ake yi da hannu a ƙasashensu, ƙwararrun masu sayen kayan hannu suka ragu, kasuwa ta koma hannun magidanta masu ɗan gyare-gyare a gida, waɗanda araha suka fi nema. Ƙotar itace ta koma ta roba, gogewa ta ragu, tsofaffin kamfanonin Sheffield suka yi ta haɗewa ana sayar da su hannu zuwa hannu. Record, alal misali, ya koma hannun wani kamfanin Amurka a 1998, daga baya yawancin ƙirar ta koma Asiya. Sunan yana nan a jikin kwali, amma masana'antar da ma'aikatan da suka yi masa suna ba su ne ke ƙera shi ba.

Giɓin da aka bari Indiya da Sin suka cike shi. Kamfanonin Indiya irin su Anant sun daɗe suna ƙera filen a kan siffar Bailey. Kayan Sin kuwa sun mamaye kasuwannin Najeriya musamman bayan da Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001. Sin tana ƙera kaya mataki-mataki, daga mai kyau ƙwarai har zuwa na jeka-na-yi-ka, kuma ɗan kasuwar da ya je saro kaya shi ke zaɓar matakin da ya san aljihun mutanensa zai ɗauka. Shi ya sa mafi yawan abin da ke isowa shagunan kayan gini na Kaduna daga matakin ƙasa yake.

Zarto ne ya fi nuna wannan canji. Zarton da, ƙarfensa yana da taurin da magagari ke iya ci. Idan ya dakushe sai kafinta ya maƙale shi tsakanin katako biyu, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da magagari mai kusurwa uku, sannan ya ɗan karkata su, wannan dama wancan hagu, don hanyar da zarton ke buɗewa ta fi kaurinsa faɗi kada ya maƙale. Yawancin zartunan yanzu an gasa bakin haƙoransu da lantarki, ana gane su da launin baƙi-baƙi ko shuɗi a tsinin. Suna daɗewa da kaifi fiye da na da kafin su dakushe, amma ranar da suka dakushe magagari zamewa yake yi a kansu, sai dai a sayi wani. Kuɗin da ake biya sau ɗaya a da ya koma kuɗin da ake biya a kai a kai.

Sai kuma matsalar jabu. Ana buga sunan sanannen kamfani a jikin kayan da kamfanin bai san da su ba, har da kwali mai kama da na asali. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, wadda aka kafa a 1971, ta fito da tsarin tantance kayan waje tun kafin a yi lodinsu a 2005, amma jabu bai daina shigowa ba. Illar jabu ta wuce asarar mai saye ɗaya, domin tana sa mutane su daina yarda da suna gaba ɗaya. Wanda ya biya kuɗin asali aka ba shi jabu, gobe mai araha zai nema, tunda a ganinsa duk ɗaya ne.

Duk da haka araha ta yi nata amfanin. Saurayin da aka yaye yau yana iya haɗa akwatin da zai fara aiki da shi cikin ɗan lokaci, abin da kakansa sai ya shekara yana tarawa. Mutane da yawa sun shiga sana'ar ta wannan ƙofa. Kaya masu kyau ma ba su ƙare a duniya ba. Kamfanoni irin su Lie-Nielsen, wanda aka kafa a Amurka a 1981, da Veritas na Kanada suna ƙera filen da bai gaza na da ba. Sai dai kuɗin guda ɗaya ɗaruruwan daloli ne, ya fi ƙarfin shagon unguwa.

Gwanjo da komawa maƙera

Kafintocin Kaduna ba su zauna sun zuba ido ba. Hanya ta farko ita ce gwanjo. A cikin kayan hannu da ake shigowa da su daga Turai, waɗanda ake kira Beljiyam, da kuma tarkacen da 'yan gwangwan ke tarawa, akan tsinci tsohon filen ko cizal ɗan Ingila ya yi tsatsa. Wanda ya san kaya ba ya duban tsatsa. Yana juya filen ya duba ko jikinsa ya tsage a gefen baki, ya ɗora sukwaya a ƙasansa ya ɗaga sama ya ga ko haske na ratsawa, ya duba ko bakin yana da sauran tsawo. Idan waɗannan sun yi, sauran aikin na sanfefa ne da ɗan mai da sabuwar ƙota. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta zauna daidai.

Hanya ta biyu ita ce komawa wajen maƙeri. A tsohuwar Panteka da ke kusa da Kaduna Polytechnic, da sauran wuraren da maƙera da masu walda ke aiki, tsohon sifirin mota ba shara ba ne. Ƙarfe ne mai isasshen kabon. Maƙeri yakan yanko guntu, ya sa a wuta, yaro na zuga, ya kama shi da awartaki ya buge shi ya yi fale-fale a baki, ya tsoma a baƙin mai, sannan ya sake nuna masa wuta yana kallon yadda launi ke tafiya zuwa tsini. Cizal ko gizagon da ya fito daga nan ba shi da ƙyalli, amma idan maƙerin gwani ne yakan fi na kanti mai araha riƙe kaifi, kuma idan ya ba da matsala an san inda za a mayar. Iyakar maƙeri ita ce kayan da ke bukatar daidaiton inji, kamar jikin filen da fallen zarto da sukwaya.

Inji da allon MDF

Wani abin da ya rage darajar kayan hannu shi ne canjin aikin kansa. Yanzu a wajen masu sayar da katako ake tsaga shi a goge shi da inji kafin ya iso shago. Kayan ɗakin amarya na zamani, gado da wadrob da madubi, yawancinsu da allon MDF ake yi, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka matse. Wannan allo ba ya son filen, gam ɗin da ke cikinsa yana saurin kashe kaifi, kuma da sukurori ake haɗa shi. Yaro yana iya shekaru a irin wannan shago bai taɓa sassaƙa gurbi da cizal ba.

Amma inji yana bin wuta, wutar kuma ba ta da tabbas, man janareta ma ya yi tsada tun bayan cire tallafi a 2023. Mai aikin rufi a saman gini, da mai rataya ƙofa a gidan da ba a ja wuta ba, da mai gyaran bencin makaranta, dukansu da zarto da guduma da filen suke aiki. Ƙofar katako da ta kumbura da damina ta ƙi rufuwa, filen ne maganinta.

Hannun da ke riƙe da kaya

Rabin ƙarkon kayan aiki yana hannun mai shi. Da safe, kafin a taɓa katako, gwani yakan zare bakin filen, ya ɗiga mai a kan dutse, ya kwantar da bakin a karkace daidai yadda aka fere shi, wajen digiri 25 zuwa 30, ya yi ta kai da komo ba tare da hannunsa ya yi rawa ba. Idan ya shafa bayan ƙarfen ya ji ɗan zare ya taso, ya san kaifi ya kai. Sai ya kifa shi a kwance ya share zaren, ya mayar, ya ɗaga filen saitin ido ya juya har bakin ya leƙo kamar gashi. Alamar an dace ita ce ɓawon katako ya fito dogo yana naɗewa. Aikin 'yan mintoci ne, amma shi ke raba mai tura filen da ƙarfin ƙirji da mai tura shi cikin sauƙi.

Yanayin Kaduna ma yana da nasa sharaɗin. Damina tana kawo tsatsa, don haka ƙarfe yana son a shafe shi da mai kafin a rufe akwati. Hunturu yana busar da ƙota har kan guduma ya riƙa girgiza, sai an ƙara masa ɗan tsinke. Filen a gefensa ake kwantar da shi, cizal ba a buɗe gwangwanin fenti da shi, tsohon katako kuma sai an cire ƙusoshinsa kafin zarto ya shiga. Ko mai araha ne, filen da aka goge ƙasansa ya miƙe aka wasa bakinsa da kyau yakan yi aikin da zai ba da mamaki, ɗan Ingila kuwa idan aka bar shi a dakushe ba abin da zai tsinana.

Wannan ilimi a shago ake ɗaukarsa, daga maigida zuwa yaro, kuma yana raguwa a duk inda zarton yarwa da allon MDF suka zama su ne aiki. Makarantun fasaha da hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke nan Kaduna, suna da rawar da za su taka wajen ganin wasa kaifi da gane ƙarfe sun zauna a cikin abin da ake koya wa matasa, amma babban nauyin yana kan masu shaguna.

Farashin kayan aiki na gaskiya shi ne kuɗinsa a raba da shekarun da zai yi yana aiki, a haɗa da lokacin da yake ci wajen gyara da katakon da yake ɓatawa. A kan wannan ma'auni, tef da fensir da zarton aikin rufi ana iya sayen masu sauƙin kuɗi a canza su idan sun ƙare. Filen da cizal da sukwaya da dutsen wasa kaifi kuwa su ne ke fitar da kyan aiki, kuma a kansu ne ya kamata a tara kuɗi a sayi na ƙwarai sau ɗaya, sabo ne ko gwanjo ko ƙirar maƙeri. Araha ba ta ado, kuma kafintan da ya iya zaɓen ƙarfe ya kuma iya wasa shi, shi ne wanda tsadar kasuwa ta fi yi wa sauƙi.